Aljihun Asusu a Rigar Mamman Dogo

Samarin da ke zama a bakin shagona a Aliero suna cajin waya sun ɗauka aikina ba aiki ba ne. Kwanan baya ɗayansu ya ce mini wai mene ne abin wahala a ɗinkin aljihu, ai ƙyalle ne ka ninka biyu ka bi shi da keke. Na ce masa gaskiyarsa, shi ma tuwo ai gari ne da ruwa, ya je ya tuƙa mu gani. A shago ba na iya kai magana ƙarshe sai wani ya katse ni da abin da ya gani a waya, shi ya sa na ga gara in zauna in faɗe ta a tsanake. Ni tela ne, amma ba telan kwalliyar sallah ba. Aikina shi ne in ɗinka wa matafiyi wurin da zai ɓoye abinsa, ya shiga Legas ko Anacha ko Fatakwal, ya kutsa cikin 'yan sane, ya dawo gida da shi.

Aljihun farko da na ɗinka a Jega ne, a hannun maigidana Malam Ango, wani dattijo da ba ya dariya sai in aikinka ya lalace. Ya miƙo mini tsohon wando ya ce in yi aljihu a jikin ƙubaka, nan inda mazagi yake bi. Na yi, na goge, na kawo ina taƙama. Ko kallon ɗinkin bai yi ba. Ya zuba marafan kwalba a ciki, ya ce in sa wandon in yi ta tsalle daga bakin shago har wurin mai shayi in dawo. Na tafi ina kacau-kacau, duk layin teloli sun fito suna tafa mini. Da na dawo ina haki sai ya ce, "Tau, kai ka ji, ni na ji, mai shayi ya ji. Shi ɓarawon kurma na?" A ranar na san aljihun ɓoye dole ya kama abin da ke cikinsa ƙam, kada ya bar shi ya motsa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Keke mai ƙafa don dogon ɗinki, allurar hannu don wurin da ido bai kamata ya gani ba, alli, almakashi, da sabuwar reza. Akoko, wato yadin da ake yin cikin aljihun da shi, sai an wanke shi an sake wankewa ya yi laushi, don sabon akoko yana da ƙara in ya gogi jiki. Zif ba ya shiga aikina, yana ƙyalli kuma yana kuka. Maɓalli ma haka, yatsa yana jin sa ta saman riga. Zare kuwa in babu launin rigar daidai, gara ka zaro shi daga gefen yadin kansa. Kuma ba na yi wa mutum biyu aljihu a wuri ɗaya in mota ɗaya za su shiga. 'Yan sanen kudu ba wawaye ba ne. Tun daga nesa suke gane mutumin Aliero, don ko ya yi wanka da turare albasa tana riga shi sallama.

Wani Alhaji daga Maiyama ne ya koya mini rabin sana'ar da Malam Ango bai koya mini ba. Na yi masa aljihu a ƙarƙashin hammata, aiki mai kyau wanda ni kaina sai na lalubo kafin in same shi. Ya tafi Anacha, ya dawo babu komai, ya zo zai ci ni ɗanye. Da na bincika a wurin abokan tafiyarsa, ashe tun da ya sauka daga mota ya matse hannun nan a jikinsa kamar mai maruru, in zai gaisa da mutum sai ya miƙa ɗayan, kuma kowane taku kaɗan sai ya shafa wurin ya ji ko yana nan. Ai ko makaho ya gane. Suka bi shi har cikin cunkoso, reza ɗaya aka yi masa.

Daga nan na gane ba ɗinki ne yake tona asiri ba, hannun mai rigar ne. Sai na ƙaro abu biyu a aikina. Na farko, aljihun ɓarawo: a bar aljihun waje a buɗe, a sa goro da hankici da wata matacciyar waya, ɗan sane ya zara ya tafi yana murna. Shi ma ai fita ya yi nema, in ka bar shi hannu wofi zai ci gaba da lalube. Na biyu, horo. Duk wanda na yi wa aljihu, sai ya sa rigar ya yi ta kai da kawowa a gaban shagona, ni kuma ina biye da sandar awo. Hannunsa na nufar wurin zan sauke masa ita a yatsu. Manyan Alhazai masu tireloli sun sha wannan sandar, suna zagina suna biya. Abin da nake nanata musu ɗaya ne: in ka sa abu a ciki, ka manta da shi, ka manta har zuciyarka, sai ka ga ƙofar shagona sannan ka tuna.

An yi shekarar da na ɗauka sana'ar ta mutu. Tura kuɗi ta waya ya shigo kasuwar albasa, mutum ya sayar da mota guda a Legas ya dawo yana kaɗa hannu, ba abin da zai ɓoye. Shagona ya yi tsit. Na koma facin buhunan albasa da ɗinkin kayan 'yan makaranta, ni da na yi wa masu tireloli horo. Wanda ya saba durƙusa mini a bakin shago sai ya wuce a kan babur ya ɗaga mini waya yana murmushi. Na ci gaba da facin buhu. Ba a daɗe ba 'yan sane suka gane cewa dukiyar ta koma cikin wayar, suka koma zare waya. Sai ga mutanena suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da wayarsa sabuwa da fuskarsa a ɗaure.

Aljihun waya kuwa wata masifa ce daban, don waya ba ta san an ɓoye ta ba. Wani mahauci ya nace sai a cikin cinyar wando zan yi masa. Na ce ya riƙa kashe ta, ya ce to. Yana cikin bas a Legas, mutane maƙil, sai ga kiɗa yana tashi daga tsakanin ƙafafunsa. Ya daure ya kalli taga kamar ba shi ba. Matarsa da ke kiran kuwa ba ta gajiya. Har ya sauka duk motar kallon wandonsa ake yi.

Amma aikin da nake so ku ji da kyau na Mamman Dogo ne, mutumin Jandutsi, mai kai albasa kudu. Dogo ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga shagona. Ubansa ya rasu yana ƙarami, ƙanwar uban, Gwaggo Ige, ita ta rene shi. A lokacin da nake ba ku labari tana riƙon wata jikarta marainiya, an kuma sa ranar bikin yarinyar. Gwaggo tana da ɗan fegi a fadama. Ta yi shekaru tana tarawa, tana adana albasarta a rudu, wato rumbun albasa, har ta yi tsada, tana hana kanta ko sabon zane. Sai ta haɗa abin da ta tara da albasar shekarar ta damƙa wa Mamman, ta ce ya sayar a Legas ya sayo wa yarinyar sarƙa da 'yan kunne na zinari, don kada a kai marainiya ɗakinta wuya wayam. Bayan wannan ba ta da wani abu, ko akuya.

Mamman ya zo mini da babbar riga ta shadda, mai aiki a ƙirji. Na ce ina laifin tsohuwar jamfa, wa yake shiga Legas da babbar riga? Ya ce masu sayar da zinari ba sa kula mai warin albasa, sai sun ga shadda. Na ga da gaskiyarsa. Sai na yi masa aikin da nake kira asusu. A bayan aikin ƙirji, inda zare ya yi kauri har yatsa ba ya jin abin da ke ƙasa, nan na kafa shi. Bakinsa ɗan ƙarami ne ta ciki. Ka naɗe abinka a auduga ka tura, ka ja wani zare, bakin ya tsuke, shi ke nan. Kai mai rigar ma ba ka iya buɗewa. Sai ka dawo wurina in yanke zare guda wanda ni kaɗai na san shi, abin ya zubo. A wajen horo kuwa ban taɓa samun ɗalibi irin Mamman ba. Sandata ba ta taɓa shi ba ko sau ɗaya.

Ya tafi, ya yi kwanakinsa. Ran nan da azahar sai ga shi ya sunkuyo cikin shago, daga shi sai 'yar ciki da wando da hula, fuska cike da fara'a. Ya zauna ya kwashe labarin Legas ya ba ni. Albasa ta yi kuɗi, zinari ya samu mai kyau. A tasha an zare goro, a gada an zare hankici, a cikin bas wani yaro mai ladabi har da ce masa sannu ya tafi da matacciyar wayar.

"Amma wurin ga," in ji shi, "wallahi ko sau guda hannuna bai tai ba. Yadda kac ce in mance, haka nim mance."

Na ce madalla, haka ake so. Ya miƙe tsaye, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga haɓa sama kamar yadda masu asusu suke yi in za a buɗe musu.

"Tau, buɗe mu gani."

Na ɗauki reza, na matso. Na dubi ƙirjinsa, na dubi bayansa, na leƙa bakin ƙofa ko ya rataye wani abu a can.

"Mamman," na ce, "ina rigar?"

Ya sauke kai a hankali ya kalli 'yar cikinsa. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya zauna daɓas a kan tarin yadin mutane.

Ga abin da ya faru. Da safe motarsu ta sauke su a Jega, ranar kasuwa. Akwai wani tsohon makaɗi, Bawa mai kalangu, ɗan gajere, wanda yake yi wa mahauta kiɗa a layinsu. Bawa ya san gidan kowa da kakan kowa. Yana hango Mamman ya sauko cikin shadda, sai ya saki taken gidansu, wato kiɗan da aka san ubansa da shi tun yana saurayi, ya bi shi da kirari. Ku yaran yanzu ba ku san abin da wannan yake yi wa mutum ba. Gashin jikinka ne yake tashi, ka ji duk duniya ba wanda ya kai ka. Su gidan su Mamman kuwa an san su, kiɗa yana ɗibar su fiye da kowa. Kafin ya san inda yake ya tuɓe rigar ya zura wa Bawa a wuya. Kasuwa ta ɗauki sowa, ya shiga motar Aliero yana jin kansa a sama. Abin da 'yan sanen Legas suka kasa, ya yi shi da hannunsa ana tafa masa.

Na san abin da za ku ce: ya koma ya ce a ba shi abinsa mana. Wannan maganar wanda bai san garinmu ba ce. Abin da ka ba makaɗi a bainar jama'a ya tafi. Ka koma ka ce ko zare ɗaya kake so a ciki, zai sa ka a kiɗa, jikokinka su riƙa jin sa a kowane biki. Ga kuma wani tsoron: in Bawa ya san abin da ke ciki, wasu za su ce an ba shi riga da duk abin da ta ɗauko, kuma ba wanda zai ce ya yi sata. Mamman ya riƙe ƙafata ya ce in rufa masa asiri, in fito da zinarin nan ba tare da Bawa ko Gwaggo sun sani ba.

Washegari na tafi Jega da tef a wuya. Na sami Bawa a gindin wata bishiya yana shan fura, rigar tana jan ƙasa ta ko'ina, an naɗe hannuwan a kafaɗa sun yi masa tudu har kunne. Na gaishe shi, na yaba rigar, na ce amma ta yi masa tsawo, ya kawo in rage masa kyauta, yau-yau in dawo da ita.

"A rage ta?" in ji shi. "In an rage ta, wa za shi sanin ta Dogo ta? Bari ta ja ƙasa, malam tela. Jan ƙasan shi na kyautar."

Na ce to ai ta yi ƙura, akwai mai wanki da guga da na sani. Ya ce ƙamshin Legas bai gama fita ba tukuna. Na ce wani Alhaji ya gani yana so, zai saya da daraja. Ya ajiye ludayi ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Na dawo Aliero da tef ɗina. Daga baya na ji ko barci a cikinta yake yi.

Mamman kuwa ya tare a shagona. Labari ya riga ya kai Jandutsi cewa ya dawo, har ya yi kyautar riga a Jega, Gwaggo tana ta alfahari tana jiran sa. Ya aika mata cewa zazzaɓi ne ya kwantar da shi a Aliero. In ya hango mutumin Jandutsi sai ya cusa kansa ƙarƙashin teburin yanka, ƙafafun suna waje har bakin ƙofa. Ita kuma baiwar Allah sai ta aiko masa da jiƙon magani mai ɗaci da ƙullin fura, ta ce a gaya masa kada ya damu da komai, lafiyarsa ta fi. Ya shanye maganin nan tas yana hawaye, ban sani ba ko ɗacin ne. Biki kuwa yana ta matsowa, har an fara daka.

Sai ya rage hanya ɗaya. Ni da na ƙare rayuwata ina toshe wa 'yan sane hanya, ni zan shiga kasuwar Jega in yi sane. Har yau ban ɗauke shi sata ba, zaren da na ɗinka zan yanke. Na lissafa abin tsaf. Babbar riga a buɗe take ta gefe. In Bawa yana kiɗa hankalinsa yana kan kalangu. Zan zo kamar mai liƙi, in manna masa kuɗi a goshi da hannun dama, hannun hagu ya shiga ta gefe da reza, in taɓa zaren, ƙullin ya faɗo a tafina. Na gwada a jikin Mamman da wata rigar har hannuna ya saba.

Ranar kasuwa na sa malfa da baƙin tabarau don kada a gane ni. Mutum na farko da na haɗu da shi a tasha ya ce, "Malam tela, ciwon ido kaka yi?" Na ƙara sauri na wuce. Mamman yana biye da ni daga nesa, ya rufe kai da mayafi, wai shi ma ya ɓuya, alhali ya fi kowa tsawo a kasuwar.

Na sami Bawa a layin mahauta, kiɗa ya yi zafi, ana sara nama ana rausaya. Na matsa, na manna kuɗin, hannun hagu ya shige. Komai yana tafiya yadda na tsara. Abu ɗaya ne ban sa a lissafi ba: Bawa yana da jin cakulkuli. Yatsana na taɓa haƙarƙarinsa ya daka tsalle ya yi wata ƙara, kalangun ma ya yi tasa, reza ta faɗi ƙasa tana walƙiya a gaban kowa. Wani ƙaton mahauci ya damƙe mini wuyan hannu tun yana cikin rigar.

"Ɓarawo!"

In ba ku taɓa jin wannan kalmar a kanku a tsakiyar kasuwa ba, ku roƙi Allah kada ku ji. Nan wasa ya ƙare. Layin mahauta ne, kowa da abin da ke hannunsa. Malfar ta tafi, tabarau ya tafi, wani ya riga ya sauke mini ƙafar saniya a gadon baya. Waɗanda suka gane ni suna cewa a tsaya, ba a jin su. Ni kuma ba zan iya faɗin gaskiya ba, don asirin ba nawa ba ne. Na hango Mamman can bayan masu tire, ya daskare. Yana iya juyawa ya tafi, ba wanda ya san tare muke.

Sai na ga mayafin ya faɗi. Ya ratso mutane yana ture su, ya tsaya a tsakiya.

"Ku sake shi! Ni na aiko shi. Ni Mamman, ni nib ba da rigag ga, kuma ni na biyo abin da ac cikinta. Zinarin Gwaggona na, na auren marainiya. Ku yi mani dariya, amma ku sake shi."

Ba a taɓa jin ɗan gidansu ya faɗi irin wannan ba. Bawa ya shafa ƙirjinsa, ya lalube sama, ya lalube ƙasa, ya juya aljihun waje.

"Zinari? Ina? Ni da ka kwana cikinta ban ji komi ba."

Hannuna yana cikin na mahauci, bayana yana zogi, amma ban san lokacin da na ce, "Ai ba ka ji. Aikina na. Shagona na nan Aliero bayan tasha." Mahaucin ya ƙara matse ni.

Sai gardama ta tashi. Wasu suka ce riga da abin cikinta duk na Bawa ne, kyauta ta riga ta fita. Wasu suka ce ina, amanar tsohuwa ce. Mamman yana tsaye kansa a ƙasa, don ya san in Bawa ya ce nasa ne ba mai ƙwace masa. Bawa ya bari suka gaji, sannan ya ɗaga sandar kiɗansa.

"Riga tawa ta," ya ce. "Abin da ac ciki, ban roƙe shi ba, ban kaɗa mashi ba. Amma ba a tuɓe ni cikin kasuwa, kuma ba a sa ma rigata reza nan awa ta ɓarawo. Mu tai Jandutsi. Mai abu ta gani da idonta."

Aka samo a-kori-kura, muka hau baya, ni da Mamman da Bawa da mahauta da duk wanda ba shi da aikin yi. Mota na tashi Bawa ya gyara kalangu. Mamman ya roƙe shi don girman Allah ya bari a je shiru. Bawa ya ce kalangunsa bai taɓa shiga mota da baki rufe ba. Ya ƙirƙiro sabon take nan take, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ji abin da fatar take cewa: Dogo ya ba da riga, ya biyo aljihu. Kowane ƙauye muka ratsa yara suna bin mu da gudu suna amsawa. Asirin da muka yi kwanaki muna rufewa, da kiɗa aka kai shi gida.

Gwaggo Ige ta fito ƙofar gida tana dogara sanda, 'yar tsohuwa siririya, ta ga taro ta ga makaɗi cikin rigar ɗanta. Mamman ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta saurara har ya gama.

"Ashe zazzaɓin ke nan," ta ce. "Tashi, ɗan nema. Ubanka jakinai yab bai wa makaɗi, yad dawo gida da mangala bisa kai. Kai ko ka dawo da wandonka."

Bawa ya buɗe hannuwa ya ɗaga haɓa, yana ta ƙyalƙyala tun ban taɓa shi ba. Na sa aka riƙe shi, na yanke zaren. Ƙullin auduga ya sulalo. Na miƙa wa Gwaggo, ta warware, sarƙa da 'yan kunne suka bayyana a tafinta. Mata suka saki guɗa. Can bakin zaure na hango amaryar ta leƙo da rabin fuska.

Da a nan aka tsaya da an tashi lafiya. Amma makaɗi ya ga taro, ya ji guɗa, hannunsa ba ya iya zama. Sai Bawa ya juya kalangu ya saki wani tsohon take wanda ni ban taɓa ji ba. Ashe na mahaifin Gwaggo ne, kakan Mamman, wanda rabon da a kaɗa shi tun tana budurwa.

Tsohuwar nan ta saki sanda. Bayanta da ya ranƙwafa ya miƙe. Idanunta suka ciko, leɓenta yana motsi tana kiran sunan ubanta. Sai na ga hannun da ke riƙe da zinarin yana ɗagawa, ta fara takowa wajen Bawa. Kowa ya gane abin da za ta yi. Mamman ya yunƙura ya fasa, don wa ya isa ya riƙe hannun Gwaggo a gaban jama'a? Kuma wannan karon ba mantuwa ba ce, in ta miƙa ya tafi har abada.

Bawa ya dubi hannun, ya dubi yarinyar da ke bakin zaure. Sandar kiɗan ta tsaya a sama. Ya cusa kalangu a hammata, ya tattare rigar da hannu biyu, ya juya ya zura da gudu.

"Tsaya, Bawa!" in ji Gwaggo tana bin sa. "Tsaya ka amsa!"

"Ban ji ba, Gwaggo! Kai ma ɗiya abinta!"

Rigar ta harɗe shi ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa a kan kunyar gonar wani, ya tashi ya ci gaba, har ya ɓace a bayan rumbuna. Ko motar bai jira ba, a ƙasa ya kai bakin titi. Tun da nake ban taɓa ganin makaɗi ya guje wa hannun da ke miƙo masa kyauta ba sai ranar.

Bai sake taka Jandutsi ba sai ranar bikin. Ina wurin, Mamman ya gayyace ni. Muka hango shi ya tsaya can bakin gari, rigar tana jan ƙasa, ya toshe kalangun da tafin hannu, ya ƙi matsowa. Mamman ya je tarbar sa, ya ce ya ƙaraso mana, shi ake jira. Bawa ya leƙa ta bayansa, ya rage murya.

"An sa ma amarya sarƙar a wuya?"

"An sa."

"An ɗaure da kyau?"

"An ɗaure, Baba."

Sannan ya ɗauke hannunsa daga fatar ya fara kiɗa.